Goggo da 'Yan Ƙwallon Ƙanƙara

Tun da na dawo daga Jidda ba a bar ni na huta ba. A makaranta, a gidan biki, a zaurenmu na marubuta na cikin waya, tambayar ɗaya ce: "Malama Dije, yaya can ɗin?" In na ce lafiya lau, sai a ce ba wannan ba, a ba mu labari. Wasu kam na sani tsaraba suke leƙe. To dabino ya ƙare, turaren ma an wawashe. Labarin ne ya rage, ga shi nan kowa ya ɗiba. Na dai sauya sunayen mutanen gidan da na sauka, kuma duk wanda ya ga kamar ya gane su, don Allah ya haɗiye.

Ga wanda bai san ni ba, Turanci nake koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Funtuwa, ina kuma ɗan taɓa rubuta littattafan soyayya. Wadda na je gani Goggo Hurera ce, yayar babana. Tana ƙaramar yarinya aka tafi da ita aikin hajji, ba ta sake dawowa ba. Can ta yi aure, can ta haihu, can ta tsufa. Bara ta gamu da shanyewar ɓarin jiki, shi ne babban ɗanta Bakur ya nemo mini bizar ziyara, ya ce tsohuwa tana son ganin wani daga gida.

Saƙon Goggo a waya gajere ne: "Daddawa ta kalwa, ba ta waken suya ba. Kuka. Busasshiyar kuɓewa. In ba ki samu ba, ki yi zamanki." Na ƙulle daddawar nan a leda, na sake ƙullewa a wata, na naɗe da zani. Duk da haka kafin mu kai Kano wani ɗan gayu da ke zaune kusa da ni a mota ya tambayi direba ko ɓera ya mutu a but. Na juya kai ina kallon gonaki kamar ba da ni ake ba.

Kuskurena na farko lalle ne. Matar yayana ce ta dage wai ba za a je ƙasar mutane da hannu fari fat kamar na mai takaba ba, ta zauna ta yi mini baƙi har kan 'yan yatsu. Da muka sauka filin jirgin Jidda aka zo ɗaukar hoton yatsa, na'ura ta ce ba ta san zancen ba. Ma'aikaciyar, wata yarinya mai haƙuri, sai cewa take "Marra tanya," wato a sake. Na sake, na sake. Ta ba ni auduga na goge, ta danne mini yatsan da hannunta, layi a bayana ya yi tsawo, wani tsoho yana ta tsaki da Hausa. Da ƙyar ƙaramin yatsana na hagu ya cece ni, shi ma don lallen bai kama shi da kyau ba.

A wurin binciken kaya kuma wani jami'i ya buɗe jakar, ya kwance zanin, ya ja da baya yana cewa "Esh hada?" wato mene ne wannan. Larabcina na Islamiyya ya gudu ya bar ni. Ina cikin kwatanta miya da hannu sai abokin aikinsa, wani baƙi dogo, ya leƙo ya shinshina. Ya dube ni ya ce da wata Hausa mai nauyi, "Hajiya, ta kalwa ce?" Na ce ita ce. Ya ce wa ɗan'uwansa, "Halas, abinci ne," ya mayar mini da zanin da kansa. Na so in ɗibar masa, kunya ta hana ni.

Bakur ɗan goggona ne, saboda haka abokin wasana ne, ko da yake a waya kawai muka san juna. Yana ganina ya ce, "Ke ce Dije? A hoto kin fi haka tsawo." Na ce, "Kai kuma a hoto ba ka da wannan tumbin." Shi ke nan muka saba. Gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi. Wadda ta tuƙo motar 'yarsa ce Amal, ta kusa shekara talatin, tana aikin karɓar baƙi a wani asibitin haƙori a Aziziyya. Ta sumbace ni a kumatu ta ce, "Ahlan, Ammati," haka suke kiran goggo a can. Hausa tana ji sarai, amma in za ta mayar sai ta riƙa tsintar kalmomi ɗai-ɗai kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Gidansu yana Sa'alaba, unguwar tsofaffin gidaje da lunguna. Abin da akuya take a Funtuwa, shi kyanwa take a can: a kan mota, a bakin shago, a ƙofar masallaci, ba mai ce mata kul. A ɗakin Goggo aka yi mini shimfiɗa. Bakur, don ya nuna mini gwanintar sana'arsa, ya ƙure na'urar sanyi. Ni da na taho ina tsoron zafin Jidda, da bargo biyu da safa na riƙa kwana, ga mura.

Abinci kuwa, da safe wake ne damamme da suke kira ful, da wani faffaɗan burodi mai zafi, tamis, kowa ya sa hannu a faranti ɗaya. Wannan na so shi. Amma ranar da aka kawo salik, shinkafar da aka dafa da madara har ta yi lugub, na ɗauka na Goggo ne saboda rashin lafiya, na tura mata gabanta. Ashe abincin girmama baƙo ne, don ni aka yi. Bakur ya yi dariya har da ƙwarewa. Na rama ranar da na tuƙa tuwo da miyar kuka, na ga yana ci da cokali. Na ce, "Bahaushen banza." Goggo ta ce, "Faɗa masa dai."

Na yi umara a makon farko, alhamdu lillahi, na yi wa kowa addu'a har da masu tambayar tsaraba. Bayan na dawo ne na fara lura da wata al'ada ta gidan.

Kullum bayan la'asar Amal za ta dawo daga aiki, ta cire abaya, ta zauna a bakin gadon Goggo da waya a hannu. Likita ya ba Goggo wata 'yar ƙwallon roba ta riƙa matsawa da hannun da ya shanye, amma ba mai iya sa ta ta taɓa ta sai a wannan lokacin. Amal tana duba waya tana ba da labari, Goggo tana matsa ƙwallo. In labari ya tsaya, hannu ya tsaya.

Labarin wasu Turawa ne na ƙasar sanyi masu sana'ar ƙwallon gora a kan ƙanƙara, wadda suke kira hoki. Suna sa takalmi mai wuƙa a ƙasa, suna sulu a kan daskararren ruwa, suna bin wani baƙin faifai mai kamar gwangwanin man takalmi da sanduna. Goggo ba ta iya faɗin sunayensu, sai ta raɗa musu nata. Saurayin shi ne Wawulo, don an zubar masa da haƙoran gaba a wurin wasa. Budurwar kuma Mai Niƙabi, ita ce mai tsaron gida a ƙungiyarsu. Goggo ta yi mini bayani da kanta: "Ita kaɗai ce mace a cikinsu. An yarda ta yi ne don a rufe take ruf, har fuska. Yarinya mai kamun kai, Dije. Shi kuma sakarai, yana sonta ya kasa faɗa."

Amal kuwa tana fama: "Sitti, shi ya zo al-mal'ab, yani wurin wasa, ba'den ya ga ita, zuciya nasa ya yi... ya yi dum-dum." Sitti ita ce kaka a bakinsu. Goggo ta ce, "Gabansa ya faɗi ake cewa, 'yar Larabawan ƙarya." Amal ta maimaita, suka yi dariya.

Rannan Bakur yana zaune a ɗakin yana shan shayi, Goggo ta ce, "Ke Amal, ba goggonki wayar nan. Malamar Turanci ce. Yau dai in ji labarin nan da Hausar mutane." Na ga fuskar Amal ta sauya, amma ban kawo komai ba. Na karɓa ina taƙama, na gyara tabarau.

Layi kaɗan na karanta a zuci na tsaya cak. Mai tsaron gidan nan ba mace ba ce. Namiji ne, ƙato ma kuwa, kuma ga shi a shafin Wawulo ya riƙe masa hannu a bayan motar 'yan wasa inda ba mai gani. Oh ni Dije! Littafin soyayya ne tsakanin maza biyu. Na ɗaga kai. Amal ta yi tsuru-tsuru, idonta ya ciko, tana girgiza mini kai a hankali. Ubanta yana hura shayi. Goggo ta ɗaga ƙwallonta tana jira.

Na yi gyaran murya na ce, "Sai Wawulo ya dube ta ya ce, ranki ya daɗe, tun da kika tare ƙwallon nan jiya ban runtsa ba." Goggo ta ce, "Yauwa! Ka ji Hausa." Bakur ya ce, "Yanzu wannan shirmen ake biyanki albashi a kai?" Na ce, "Sha shayinka." Haka na yi ta sassaƙa har aka kira magariba, zufa tana bin bayana duk da sanyin ɗakin.

A kicin na tare ta. Ban ɗaga murya ba, amma na yi faɗa. Na ce, "Ke yanzu duk littattafan duniya ki rasa wanda za ki karanta wa kakarki sai wannan? A ƙasar nan? Kin san abin da addini ya ce, ba sai na gaya miki ba." Ta ce ta sani. Ta ce wata abokiyar aikinta ce ta nuna mata irinsu, wai mata ne ma suka fi rubuta su, su suka fi karantawa, kuma jeri ne, kowane ɗan wasa a ƙungiyar da littafinsa. Na ce wannan bai dame ni ba, yaya aka yi ya kai kunnen Goggo?

Sai ta fara kuka, tana haɗa Hausa da Larabci. Bayan ciwon, Goggo ta juya fuska bango. Ba ta magana, ba ta cin abin kirki, ta ƙi motsa hannun. Wata rana Amal tana zaune tana jinyarta, ta karanta wani wuri ta yi dariya. Goggo, ba tare da ta juyo ba, ta ce, "Me ya ba ki dariya?" Ita ce maganarta ta farko a tsawon lokaci. Sai Amal ta fara ba ta labarin da ke hannunta. Da ta zo kan soyayyar ta daburce, sai ta tuna mai tsaron gida a rufe yake daga sama har ƙasa, har da abin rufe fuska, ta ce ai mace ce. Washegari Goggo ta nemi ci gaba.

"Ammati, in Abuya ya sani, ba zai duka ni ba," in ji ta. Babanta take nufi. "Zai daina kallon ido na, bas, shi ke nan. Kuma Sitti za ta koma bango."

Na ce ta share hawayenta, ni marubuciya ce, zan kawo gyara. Washegari na ciro littafina na baya-bayan nan mai labarin wani direba, wanda kuka yi ta yaba mini a zaure, na ce, "Goggo, yau ga na gida." Ban gama shafi na biyu ba ta ajiye ƙwallon ta ce, "Wannan direban ɗan masu kuɗi ne ya ɓad da kama, ko?" Na ce haka ne. Ta ce, "To na ji ƙarshensa. A koma kan Wawulo." Ku da kuka ce littafin ya hana ku barci, Allah ya saka muku da alheri, amma na gane kara kuka yi mini.

Haka na zama tafinta. Da safe kafin Amal ta fita aiki in karɓi wayar in karanta babin ranar, in san inda zan tsallake. Wuraren tsallakewa kuwa suna da yawa, wasu ma da ido ɗaya na wuce su ina istigfari. Ba zan ɓoye muku ba, raina bai kwanta da abin ba har na baro. Amma a matsayina na mai sana'ar, na ji haushin yadda matar da ta rubuta littafin nan ta iya rubutu. Mu kullum muna neman abin da zai hana masoya haɗuwa, mu ƙare a kan talauci ko dangi. Ita nata tsoro ne: tsoron abokan wasa, tsoron 'yan jarida, tsoron a kore su daga sana'ar da ba su iya wata ba. Mutum biyu suna cin abinci a teburi ɗaya kullum, ba wanda ya isa ya kalli ɗan'uwansa da kyau. Sai na kama kaina ina son in san yadda za su ƙare.

Matsalar ita ce ban san wasan ba, Goggo kuwa ta riga ni sani. Ita ta koya mini cewa in ɗan wasa ya yi faɗa, ba korarsa ake yi ba, a wani ɗan ɗakin gilashi ake zaunar da shi ya huce kowa yana kallonsa. Ta ce da tana da irin ɗakin nan lokacin da Bakur yake yaro, da bai lalace haka ba.

Amal ta ce sai na taka ƙanƙara da ƙafata zan gane. Bayan mun yi sayayyar abaya a Sharafiyya, ta kai ni wani katafaren kanti mai filin ƙanƙara a cikinsa. A Jidda fa, inda rana take gasa mutum a waje! Aka ɗaura mini takalmin wuƙa. Na kama ƙarfen gefe da hannu biyu, yara ƙanana suna wuce ni fiu-fiu. Amal ta ce, "Yalla, Ammati, saki!" Na saki. Ƙafar dama ta yi gabas, ta hagu ta yi yamma, na zauna daɓas, abaya ta rufe mini kai. Wata 'yar yarinya ta zo ta miƙo mini hannu tana kirana Hajja. Daga ranar na daina raina Wawulo.

Kafin a jima labari ya fita lungu. Maƙwabta biyu suka fara zuwa sauraro, babbarsu Hajiya Mariyama, 'yar Damagaram mai sayar da sambusa, mace mai kunne da tambayar tsiya. Ita ce ta taɓa tambaya ina waliyyan Mai Niƙabin nan suke da suka bar ta tana yawo gari-gari da ƙarti. Na ce marainiya ce. Ta ce, "Allah sarki," ta ƙara mini sambusa.

Ranar da na kusa tona mana asiri, baƙi ne suka cika gidan tun da safe ban samu na duba babin ba. Ga shi an zo gasar ƙarshe, wuri mai daɗi, bakina yana gudu ya fi hankalina. Ashe 'yan wasan nan suna da wani camfi: in an shiga gasar cin kofi ba mai aske gemu sai an fitar da su ko sun ci. Ni kuwa ina ta zuba: "Sai Mai Niƙabi ta cire hular ƙarfenta, ta tsaya gaban madubi, ta shafa gemunta da ya cika har wuya..."

Na ji abin da na faɗa bayan ya riga ya fita. Amal ta sunkuyar da kai. Bakur yana tsaye a bakin ƙofa da waya a kunne, ban san ko ya ji ba.

Hajiya Mariyama ta ce, "Gemu? Malama, macen ce da gemu?"

Sai Goggo, ko kallonmu ba ta yi ba, ta ce, "Ke Mariyama ba ki yi yawo ba. Matan ƙasar sanyi ai haka suke, sanyin ne yake fito musu da shi. Me kike tsammani ya sa take rufe fuska? Dije, ci gaba, hannuna yana hucewa."

Hajiya Mariyama ta ce, "Ikon Allah. Shi kuma ya gani yana so?" Goggo ta ce, "Shi da ba haƙora, wa zai yi wa tsiya?" Aka fashe da dariya, Bakur ya wuce abinsa. Ni dai ban san yadda na kai ƙarshen babin ba.

Ana jibi zan taho muka gama littafin. A bakina, Wawulo ya kai Mai Niƙabi gaban mahaifiyarsa a ƙauyensu, tsohuwa ta sa albarka, aka kai gaisuwa, aka yanka sadaki, aka ɗaura aure ranar Juma'a. Har kamu na sa aka yi. Hajiya Mariyama ta rangaɗa guɗa, Goggo ta ɗaga hannun nan da ya shanye har kusa da kafaɗa, abin da ba ta taɓa yi ba. Amal ta fita da gudu, na san kuka ta je yi.

Ranar tafiyata da hantsi, ina ɗaure jaka, Goggo ta ce, "Dije, tura ƙofar nan ki zo ki matsa mini ƙafa." Na zauna na ɗora ƙafarta a cinyata.

Ta ce, "Kin iya ƙarya, 'yar ƙanena. Kamun nan ya yi kyau."

Hannuna ya tsaya.

"Matsa mana. Ni na yi aikatau a gidajen mutane iri-iri a garin nan kafin a haife ki. Wace mace ce za a riƙa sauke ta ɗaki ɗaya da namiji a kowane gari, ba wanda ya ce uffan? Tun kafin ki zo na gane duk biyun maza ne."

Kunya ta rufe ni kamar in nutse. Na ce, "Goggo, to me ya sa ba ki ce komai ba?"

"In na ce, wa zai zauna? Jikokin nan duk sai su shigo su sumbaci goshina, su ce kef halik Sitti, wai yaya kike, su fice. Amal kaɗai ta zauna tana karya harshenta saboda ni. Ranar da ta fara, ba ta iya haɗa kalma uku ba. Jiya kin ji ta tana ce wa ubanta ya cika mita?" Ta yi 'yar dariya. "Hukuncin abin na san shi, kada ki ɗauka tsufa ya sa na manta. In akwai irinsu a duniya, ina roƙa musu shiriya a sallata. Ita ma ina roƙa mata. Amma in ta san na sani, kunya ba za ta bar ta ta sake haɗa ido da ni ba. Ni kuwa kwana nawa ya rage mini da zan yi asarar la'asar ɗina?"

Ta ɗauki ƙwallonta tana juyawa, can ta ce, "Abu ɗaya nake so ki gaya mini tsakaninki da Allah. A ainihin littafin, da Wawulo ya je ya gaya wa uwar tasa gaskiya, me ta ce?"

Na ce, "Ta yi kuka. Sannan ta ce ya je ya shigo da mai tsaron gidan daga mota, abinci yana hucewa."

Goggo ta daɗe tana kallon silin. Ban san abin da take tunani ba, ban kuma tambaya ba. Daga ƙarshe ta ce, "To." Ta ƙara da cewa, "Ki gaishe mini da kowa. Kuma bakinki alaikum."

Na rungume ta na yi kuka sosai, don na san da wuya mu sake ganawa. Ta ce in tashi kada in jiƙa mata riga.

Bakur ya raka ni bakin mota yana cewa in na koma in rage ƙarya a littattafaina, na ce in ya rage tumbi. Amal ce ta kai ni filin jirgi. Da muka kusa sai ta rage gudu ta ce, "Ammati, akwai na biyu, na wani ɗan wasan. Sitti ta ce in fara yau. Amma ina jin tsoro. Ranar gemun nan... kina ganin ta gane?"

Na juya ina kallon waje don kada ta ga idona. Na ce, "Haba, tsohuwa ce, ina za ta gane? Ke dai ki riƙa duba babi kafin ki zauna."

Ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ta ce alhamdu lillah. Da muka isa ta sauke mini jaka, ta sumbace ni, ta dubi agogon hannunta.

Na ce, "Jeki, ba sai kin jira na shiga ba. Kada ki makara, la'asar ta kusa."